Ranar da Inna Ta Sauka Daga Boksi

Ƙaramar motar da na fara saya ba ta taɓa jawo mini faɗa da kowa ba, sai dai dariya. A shekarun da banzin, wato fetur, ya yi wuya a Gadarif, har mutum ya yini a layi ya koma gida tanki wayam, na sayi wata 'yar mota mai kahraba, wato lantarki, irin wadda ake jona wa waya a bango. Ina da allunan sola a rufin gida. In na dawo cin abincin rana in jona ta, kafin in gama ƙailula ta ƙoshi. Mutum huɗu take ɗauka, su ma sai in ba masu tumbi ba ne. 'Yan layinmu a kasuwa, masu sayar da buhu da tamfol, suka raɗa mata suna kwandon kaji. Ni ko a jikina. Ina wuce su a layin banzin ina ɗaga musu hannu, suna ƙunƙuni.

Sai daga baya na gane babban alherin motar nan, wato ba ta da amfani ga kowa sai ni. Ba wanda ya taɓa cewa in kai masa buhu gona, ba wanda ya ce in ɗauko masa rago ko gado. Daga zalat, wato kwalta, ba ta sauka. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif da damina ya san dalili. Laka ce mai kama takalmi ta ƙi saki, sai ka bar mata shi ka tafi.

Babban yayanmu shi ya raba ni da ita. Yana noman riɗi da dawa a wata hilla, wato ƙauye, bayan garin Doka, inda kakanninmu suka jingine sanda bayan shanu sun ƙare. Duk zuwansa birni sai ya zagaya motar, ya buga mata tafin hannu a ka, ya ce, "Auta, wannan abar, in ta mutu a hanya turawa ake yi ko a aljihu ake sa ta?" Ya ce shekara biyu rabona da gona, na zama ɗan birni, Inna mahaifiyarmu har ta daina tambayata. Ni kuwa zuciyata a wuya take, ba na son raini ko da na wasa ne. Na sayar da kwandon kaji, na cika da abin da na tara, na sayi boksi, abin da 'yan uwanmu na yamma ke cewa a-kori-kura. Ita ma mai kahraba ce, fara, ga ƙafafu kamar na tarakta. Wanda ya sayar mini ya nuna mini wani soket a baya, ya ce da shi zan iya kunna gida guda. Ya kuma ce in lura, kaya da laka suna cin batir ninki biyu. Maganar soket ta zauna mini, ta laka kuwa ta bi ta ɗayan kunnen ta fita.

Wata biyu da saye, Yaya ya aiko cewa riɗi ya nuna, ya kira gayya. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ka yi jinkirin kwana uku, sai kwanson ya fashe, ka noma wa tururuwa. Na tashi bayan sallar asuba, batir cike. Na lodo buhunan da ba komai a ciki, da sukari, da jarkokin ruwa. A Doka wasu mutum biyar masu lauje suka ɗaga hannu, na ɗauke su. Daga nan na sauka daga zalat na shiga baƙar ƙasa. Damina ta janye amma ba ta gama tafiya ba, sama ta bushe, ƙasa kuwa danƙo. Na lura sosai da lambar batir da ke gabana, saboda wannan ce fitarta daji ta farko. A Doka tana saba'in. Da na tsaya a ƙofar gidan Yaya ta koma hamsin. Ashirin cif wannan 'yar hanya ta cinye. Gabana ya ɗan faɗi, don kwandon kaji ba ta taɓa yi mini irin wannan ci ba. Amma na ce ai kwana biyu zan yi, akwai sola a rijiyar hilla, gobe zan jona ta a can ta sha a hankali.

Yaya ya fito da lauje a kafaɗa, ya zagaya boksi sau biyu, ya ce, "Yanzu ka zama mutum!" Wallahi na ji daɗi. Shekarata hamsin ba biyu, ina da 'ya'ya, amma kaina ya kumbura kamar an ba ni sarauta. Ni da bakina na nuna masa soket ɗin. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Da farko wayoyi aka kawo. Hillar ba ta da kahraba, sai an bi layi a rijiya. Kafin ka ce me, bayan boksi ya cika da wayoyi kamar teburin mai shago. Wannan bai dame ni ba, waya nawa take sha. Sai ga Baffa, wan mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ne uba gare mu. Ya zo da maƙerin hilla yana jan injin walda. Janaretansa ya yi sati biyu ba jaz, wato man dizal, kuma karo uku na jaki sun karye a gatari, ga shi da su za a kwashe riɗi. Baffa bai tambaye ni ba. Cewa ya yi, "Auta, nuna masa inda zai sa." Bayan maƙeri, mata suka turo injin markaɗe, saboda abincin 'yan gayya. Bayan su mai shago ya sa aka ɗauko firijinsa a kan karo, wai a yi wa ma'aikata ƙanƙara.

A wurinmu ranar gayya abin da ka zo da shi na jama'a ne. Jakinka, laujenka, butarka, ba ka cewa nawa. Amma duk da haka, da motar jaz na zo da ita, ba mahaluƙin da zai kawo tiyo ya zuƙe mini tanki. Jaz ana ganinsa, yana da wari, kowa ya san yana ƙarewa. Kahraba kuwa ba wanda ya ga tana zuba. Da na je na leƙa lambar na ga talatin da huɗu, na bi Yaya cikin gona, na ja shi gefe, na ce masa a hankali, "Yaya, batir fa yana sauka."

Ya share zufa ya yi dariya. "Haba Auta! Ba daga rana kake ɗebo ta ba? Ga rana nan a kanmu tana neman kashe mu. Za ka hana Baffa abin da Allah ke bayarwa kyauta?"

Na so in yi masa bayani. Amma tsofaffin mata suna ta wucewa suna sa mini albarka, maƙeri yana ce mini ya sayyid, Baffa yana nuna ni ga baƙi yana cewa ɗan ƙanena ne. Na haɗiye maganata. Na ɗauki lauje na shiga layi, na ce gobe ma rana ce.

Gab da azahar muka ji ihu daga inda ake jingine damman riɗi. "Igiya! Igiya ta taɓa shi!" A gona ba ma kiran maciji da sunansa. Na yar da lauje na ruga. Yaya ne zaune a ƙasa, ya riƙe tsintsiyar hannunsa na dama, yana cewa ba komai, ba komai. Ya sa hannu ne zai ɗaga dami, abin yana kwance a ƙarƙashi. Baffa ya riga ya kashe shi da sanda. Na duba na ga gamsheƙa ce, baƙa, ta kai tsawon mutum. Na san mutum biyu da irinta ta taɓa, ɗaya bai kai la'asar ba.

Aka ɗaure hannun da rawani, aka ɗora shi a angareb, gadon igiyar nan namu, maza huɗu suka ɗauka. Taraktan hilla ba jaz. Karo ba zai kai Doka ba sai yamma. Ba wata mota sai tawa. Na riga su zuwa, na fizge wayoyin nan duka da ƙarfi, har maƙeri ya yi tsalle yana salati. Na shiga na kunna, na duba lambar.

Goma sha bakwai.

Na sake dubawa, ko idona ne. Hanyar da ta ci ashirin da safe, ga ni da sha bakwai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na ji kamar zan yi fitsari a zaune.

Ina cikin haka na ji motar tana lotsawa. Na waiwaya. An ɗora angareb a baya, matar Yaya ta hau ta tallabe kansa. Bayanta Baffa, bayan Baffa 'yan uwan Baba, da surukan Yaya, da liman, da maƙeri, da abokansa na yarinta, wasu a kan gefen ƙarfe, wasu a tsaye suna riƙe da juna. Sun fi ashirin. Haka muke. Ba a kai mara lafiya shi kaɗai kamar marar dangi. Wanda ya tsaya a gida ranar da aka tafi da ɗan uwansa asibiti, za a riƙa tuna masa har jikokinsa. Aka buɗe ƙofar gaba aka sa Inna kusa da ni, carbinta a hannu.

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki kuwa, sai Baffa ya daki rufin mota da tafin hannu, ya ce, "Yalla Auta, me kake jira?" Na taka.

Kafin mu wuce iyakar gonar Yaya lambar ta koma sha shida. Na kashe sanyi, na kashe rediyo, na kashe duk abin da ke kashewa. Wani abu da ban taɓa tunani ba shi ne shirun motar. Da mai jaz ce, ƙarar inji za ta rufe mini kunne in ji da tuƙi. Wannan kuwa ba ta da murya, don haka komai ina ji. Ina jin liman yana karatu, ina jin laka tana tsotsar taya, ina jin matar Yaya tana cewa, "Kada ka yi barci, ka ji? Yi mini magana." Da farko yana yi. Har ya ɗaga murya ya ce, "Auta, kwandon kajinka ya fi wannan sauri!" Aka yi 'yar dariya. Ni ban iya ba.

Sha biyar. Sha huɗu. A kwarin farko, inda ruwa ke bi da damina, tayoyin baya suka nutse suna juyawa a banza. Maza suka dira suka tura, suna kabbara, ta fita. Na ce a raina alhamdu lillahi, ga dama ta samu, yanzu za su ce in tafi. Ina! Kowa ya kakkaɓe jallabiyarsa ya koma mazauninsa. Kwarin nan kaɗai ya ci biyu.

Na leƙa madubi na ga fuskar Yaya. Fatar idonsa ta sauko rabi, yana ɗaga gira yana ƙoƙarin buɗewa ya kasa. Ya sake yin magana, amma harshen ya yi nauyi, ban gane abin da ya ce ba. Na fara lissafi kamar mahaukaci. In na yi gudu batir ya ƙare da wuri, in na yi a hankali dafi ya riga ni. Gaba kura, baya sayaki. Zufa tana zuba mini a ido, hannuna yana santsi a kan sitiyari. Inna tana gefena tana jan carbi, idonta a kan hanya. Tun da muka tashi ba ta waiwaya baya ko sau ɗaya ba.

Akwai wata babbar aduwa da masu karo ke hutawa a ƙarƙashinta. Kowa ya san ita ce rabin hanya. Da muka iso ta, lambar ta nuna takwas, ta koma ruwan ɗorawa, wani hoton kunkuru ya fito a gefe. Rabin hanya ya ci tara, saura takwas, kuma akwai kwari na biyu a gaba wanda ya fi na farko. Ko ɗan da bai shiga makaranta ba zai iya wannan lissafi. Na taka burki.

Na fito na zagaya baya. Baffa ya ce, "Lafiya? Me ya lalace?"

Na ce, "Baffa, nauyi ya yi yawa. Batir ba zai kai mu ba. Sai an rage mutane."

Ya dube ni kamar na zage shi. "A rage wa? Mu ne kayan da za a rage?"

"Baffa, don Allah. In ba a sauka ba za ta mutu a daji, mu duka mu tsaya."

"Ai tana tafiya! Da ƙafarka ka tsayar da ita. Ɗan ƙanena yana wannan hali, ka ce in sauka in zauna a gindin aduwa? In je in ce wa ubanku me ranar da na same shi?"

Sai kowa ya sa baki. Wannan ya ce shi ba shi da nauyi. Wancan ya ce shi ya san likita a Doka. Surukin Yaya ya ce in dai za a sauka, to dangin miji su fara. Liman ya ce a yi haƙuri, a dogara ga Allah. Ba mugaye ba ne, wallahi, duk cikinsu ba wanda ba zai ba Yaya jininsa ba. Amma kowa yana kallon na kusa da shi, don an san wanda ya fara sa ƙafa a ƙasa, sunansa za a riƙa kira. Yaya kuwa yana kwance a tsakiyarsu, yawu yana bin gefen bakinsa, matarsa tana sharewa da bakin mayafi.

Nan zuciyata ta ɗebe ni. Na daki ƙarfen motar har hannuna ya fashe, na yi wa Baffa tsawa, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ina yaro. Na ce, "Ku kuka shanye ta! Da walda da ƙanƙara kuka shanye ta! Yanzu kuma ku kashe shi da zumunci? Ku sauka mini daga mota!" Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, babba da ni. Baffa ya kawar da kai. Kusan shekara ya yi bayan wannan bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da hannu, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ko da tsawar, ba wanda ya motsa. Ta ma ƙara ɓata abin, don yanzu wanda ya sauka, ya sauka ne saboda ƙaramin yaro ya kore shi.

Sai na ji ƙofar gaba ta buɗe.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gonar. An ce ko da yana jariri ya yi zazzaɓi, kakarmu ce ta goya shi zuwa wurin magani, Inna tana tsakar gida tana daka kamar ba ɗanta ba. Shigarta motar nan ma, sai da Baffa ya rantse mata.

Ta sauko a hankali, tana dafa ƙofa, saboda gwiwa. Ta gyara farin tob ɗinta, dogon mayafin da take naɗe jiki da shi. Ta bi ta gefen motar, dab da inda kan Yaya yake, har mayafinta ya shafi ƙarfen, ba ta juya ba. Ta je gindin aduwa ta zauna, ta ba mu baya. Daga can ta ce, ba da ƙarfi ba, "Auta, tafi."

Wa zai zauna a mota uwar mara lafiya tana ƙasa? Baffa ne ya fara dira. Sai liman, sai surukai, sai kowa, ba mai kallon wani. Aka jefar da jarkokin ruwa, da buhuna, har tayar safaya maƙeri ya kwance ya mirgina ƙasa. Aka bar matar Yaya, da maƙeri saboda ƙarfinsa. Na shiga na ja. Sai da muka yi nisa, farin tob ɗin ya zama ɗan ɗigo a madubi, na ga ta juyo tana kallon motar.

Boksi ta yi sauƙi, na ji a hannuna. Amma kunkurun nan bai tafi ba, kuma ko na taka ba ta amsawa sosai. Bakwai. Na riƙa bin sawun karo inda ƙasa ta taurare, ina kauce wa duk inda ya yi sheƙi. Shida. Ina magana da mota kamar jaka, ina ce mata yi haƙuri, saura kaɗan, yi don Allah. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, rabin aya in saki in kama wata. Ban taɓa sanin mutum zai iya tuƙi a hankali haka zuciyarsa tana gudu ba.

A bakin kwari na biyu tana huɗu. Maƙeri ya buga gilashi ya ce in tsaya. Ya dira, ya shiga lakar da ƙafa yana taka nan yana taka can, ya nuna mini gefen hagu inda akwai tsakuwa. Ya koma baya ya sa kafaɗa. Na taka a hankali. Ta shiga, ta yi kamar za ta tsaya, na ji shi yana gurnani kamar sa, sai ta haye. Na rage gudu don ya hau. Ya ɗaga hannu yana haki, ya ce, "Tafi, ya zol, tafi bawan Allah! Ni ma nauyi ne!" Na bar shi tsaye laka har gwiwa.

Uku. Na hango dogon ƙarfen waya na Doka. Biyu. Sai na lura matar Yaya ta daina cewa kada ka yi barci. Shirun nan ya fi komai ba ni tsoro. Na kasa duba madubi. Na ce, "Yaya fa?" Ba ta amsa ba. Na sake tambaya da ƙarfi. Ta ce, "Yana ja, amma da ƙyar. Auta, ba ya haɗiye yawu." Muryarta a daidai take, kamar mai ba da labarin wani.

Lambar ta koma ɗaya, sannan ta ɓace, aka bar wasu 'yan layuka biyu. Motar ta ci gaba da rarrafe, ban san da me ba. Tayoyin gaba suka hau zalat, muka wuce rumfunan farko, daidai tashar lori ta yi wata 'yar ƙara ta saki. Sitiyari ya yi nauyi. Na fito ina ihu, ban san ma da wane harshe ba, Hausa da Larabci duk a cakuɗe. Direbobin lori da ke shan jabana, kofin nan namu, suka watsar da kofuna. Ba su tambayi ko mu su wane ne ba. Mutum shida suka sungumi angareb suka ruga da shi a kafaɗa, matarsa tana binsu ba takalmi, ni ina bayanta.

A asibiti suka karɓe shi suka rufe ƙofa. Ta taga na ga an sa masa ruwa da allura, wani yana matsa wata jakar roba a kan bakinsa, yana saki, yana matsawa. Na tambayi wata ma'aikaciya ko zai tashi, ta ce in je in zauna. Na zauna a kan dakali. Sai a lokacin na tuna na bar tsohuwa a daji cikin wannan rana. Na roƙi wani mai lori ya je ya kwaso su, ya tafi ba musu.

Bayan la'asar likita ya fito. Ya ce numfashin ya dawo da kansa, ya buɗe ido, har ya matse yatsan matarsa. Ya ce in sha Allah ya tsallake, hannun ne sai an ga yadda zai yi, ya kuma yi mana faɗa a kan ɗaurin rawani. Na yi sujada a kan simintin nan mai zafi.

Ina ɗagowa lori ya iso. Na tsaya ina kallon masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Baffa, liman, surukai, maƙeri da suka tsinta a hanya. Babu Inna. Na ce, "Ina Inna?" Liman ya ce muna ɓacewa ta tashi ta cire takalmi, ta bi ƙaramar hanyar ƙafa da ke ratsa gonakin dawa. Sun yi sun yi ta jira, ta ce su bar ta. Mutum biyu sun bi ta, ta kore su. Lori kuma ba ya shiga wannan hanya.

Tsoron da na ɗauka ya tafi ya dawo sabo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ruwa, dawa ta fi ta tsawo, kuma na ga abin da ke kwance a gonakin nan da idona yau. Na fita da gudu zuwa bakin gari inda hanyar ke ɓullowa. Ban yi nisa ba na hango ta. Tana tafe a hankali, takalma a hannu, ƙafafunta sun yi dam da baƙar laka har idon sawu, tob ɗin ya koma ruwan ƙasa. Na kama hannunta, ta zame. Muka taho tare har ƙofar asibiti. A nan ta tsaya, ta ƙi shiga.

Ta dubi bango, ba ni ba. Ta ce, "Auta, motar taka ta kai?"

Na ce, "Ta kai, Inna."

"Da abin da ta ɗauko?"

"Da shi, Inna. Yana numfashi. Ya buɗe ido."

Ta ce, "To." Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa inda mutane ke wucewa. Na ruga wurin mai shayi na karɓo ruwa a kofin silba na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, amma hannuwan suna rawa, kofin yana buga mata haƙori, ruwan yana zuba a ƙirjinta. Na durƙusa na riƙe mata gindin kofin har ta shanye.

Ta goge baki da bayan hannu. Ta dubi hannuwanta ta ce, "Rana ce ta buge ni."

Na ce, "E, Inna, rana ce."